Kwana da Tashi a Cikin Mota a Ƙungurmin Dajin Ostareliya: Tambayoyi da Amsoshi

Mutanen Ostareliya sun taru ne a bakin teku, a birane irin su Sidni da Melbon, suka bar tsakiyar ƙasar kusan wayam. Wannan tsakiyar ita suke kira Awutbak: jar ƙasa, ƙananan itatuwa, busassun tafkunan gishiri, da titi guda da ya miƙe sai ka ce an ja shi da zare. Masu yawon buɗe ido kan yi hayar mota mai gado da murhu da firji a cikinta su ratsa wurin. Yawancin amsoshin da ke ƙasa a kan titin Stuart aka gina su, wanda ya tashi daga Port Augusta a kudu ya dire Darwin a arewa, don shi ne hanyar da baƙo ya fi bi.

Wace irin mota ce wannan, kuma me ke cikinta?

Ka ɗauka bas ce irin Hiace ko wadda ta ɗan fi ta, aka cire kujerun baya aka ɗaga rufin yadda mutum zai iya tsayawa. Da rana akwai benci biyu da tebur a tsakiya, da dare sai a sauke teburin a jera katifu ya zama gado. Akwai murhun gas mai kai biyu, da ɗan wurin wanke-wanke, da tankin ruwa a ƙarƙashi, da firji. Manyan suna da ban-ɗaki da shawa, ƙananan ba su da shi. Kamfanoni irin su Britz da Maui da Apollo ne suka fi ba da haya, kuma galibi sai wanda ya kai shekara 21 suke ba.

Abin da hotunan talla ba sa nunawa shi ne ƙanƙantar wurin. Kowane abu sai an kawar da wani abu kafin a kai gare shi. Kana son cokali, sai abokin tafiyarka ya ɗaga ƙafa.

Nisan da ake ta faɗa, har nawa ne?

Titin Stuart ya kai kilomita 2,700 da ɗoriya. Idan daga Adeled, babban birnin jihar Ostareliya ta Kudu, ka taso, lissafin ya kai 3,000, wato kamar ka yi Kano zuwa Legas sau uku. Daga Port Augusta zuwa Coober Pedy kusan kilomita 540 ne, daga nan zuwa Alice Springs kusan 690, daga Alice Springs zuwa Darwin kusan 1,500. Dutsen Uluru ma, da mutane ke zaton yana bayan garin Alice Springs, tafiyar kilomita 450 ce.

Amma lamba ba ta isar da saƙon. Wanda ya saba da hanyoyinmu ya saba da cewa duk inda ya tsaya, kafin ya kashe mota wani ya ɓullo: mai tallar gyaɗa, mai faci, yaro da garken awaki. A can kana iya tsayawa ka buɗe ƙofa ka yi minti ashirin ba ka ji motsin kowa ba sai iska. Gonar kiwo guda ɗaya, Anna Creek, ta haura murabba'in kilomita 23,000, ta fi jihar Kano faɗi, kuma mutanen da ke aiki cikinta ba za su cika bas ɗaya ba.

An sa wa titin sunan John McDouall Stuart, wanda ya ratsa ƙasar daga kudu zuwa arewa a kan doki a 1862. Kwalta ba ta gama rufe shi ba sai 1987.

Yaya rana guda take kasancewa?

Rana ce ke tsara komai, ba agogo ba. Ana tashi da asuba cikin sanyi, a ɗora ruwan shayi, a naɗe gado. Sai zagayen mota: a duba tayoyi, a duba baƙin mai da ruwan lagireto, a rufe tukunyar gas, a zare wayar wuta idan an kwana a wurin da ake jona wuta, a tabbatar kowace durowa ta kulle. Wanda ya manta da durowar kwanuka zai ji sakamakon a kwanar farko.

Ba a kama hanya sai gari ya waye sarai. Daga nan tuƙi ne na awa huɗu ko biyar, ana tsayawa duk bayan awa biyu a miƙe ƙafa, a canji direba idan akwai. A sha mai a kowane zango. Zuwa la'asar sakaliya ya kamata a ce an isa masauki, an daidaita motar a wuri mai lebur, an fito da kujeru. Tsakanin nan da magariba shi ne lokacin da ya fi daɗi: a yi girki da sauran haske, a yi wanki, a gaisa da maƙwabta na dare ɗaya. Ƙarfe tara yawancin sansanin ya yi tsit.

Masu hanzari kan so su ci kilomita 900 a yini. Ana iyawa, amma ban ga amfaninsa ba. Ka biya kuɗin jirgi daga wata duniya don ka zo ka kalli farin layin tsakiyar titi?

Me ya sa kowa ke hana tuƙin dare?

Saboda dabbobi. Kangaru yana kwanciya a inuwa da rana, ya fito kiwo da magariba da asuba, kuma ciyawar gefen titi ta fi kore don ruwan da ke gangarowa daga kwalta. Idan fitila ta haske shi ba ya gudu yadda akuya ke yi, sai ya daka tsalle ta inda ba ka zata ba, sau da yawa cikin gabanka. Ga shanu, don wurare da yawa babu shinge tsakanin makiyaya da titi, kuma baƙar saniya a kan baƙar kwalta ba a ganinta sai an zo dab. Ga raƙuma, ga emu, tsuntsun nan mai kama da jimina wanda ba shi da dabarar tsallaka hanya ko kaɗan.

Da safe za ka ga aikin daren jiya a zube gefen titi, manyan gaggafa suna kai. Su ma a rage gudu saboda su: idan sun ƙoshi ba sa iya tashi da wuri.

Idan dabba ta faɗo maka, taka birki ka riƙe sitiyari a miƙe. Kaucewa da ƙarfi ita ke kifar da doguwar mota. Sannan ka karanta takardar hayarka da kyau, don wasu kamfanonin inshorarsu ba ta ɗaukar ɓarnar da aka yi a tuƙin dare a bayan gari.

Mai fa? Ana iya rasa shi?

A titin Stuart ba a cika rasawa ba idan an yi lissafi. Akwai zangon da suka haɗa gidan mai da ɗakin cin abinci da wurin kwana: Glendambo, Marla, Kulgera, Erldunda, Daly Waters da sauransu. Tazara mafi tsawo ita ce tsakanin Glendambo da Coober Pedy, kusan kilomita 250 babu famfo ko ɗaya. Ƙa'idar tsofaffin matafiya ita ce kada ka wuce gidan mai da rabin tanki kana cewa sai na gaba. Na gaban yana iya kasancewa a rufe, ko tankar da ke kawo masa ba ta iso ba.

Irin waɗannan motoci kan sha lita 10 zuwa 14 a kilomita 100, kuma idan iska tana bugo ka ta gaba allurar tana sauka kana kallo. Kuɗin lita yana hawa gwargwadon nisanka da birni. A tsakiyar ƙasar za ka ga wani fetur mai suna Opal, wanda aka fito da shi a 2005 aka rage masa sinadarin da ke bugarwa, don magance shaƙar fetur da ta addabi matasa a wasu ƙauyuka. Motar fetur tana shansa lafiya lau. Abin lura ɗaya: yawancin manyan motocin kwana dizal suke sha, kada gajiya ta sa ka ɗauki bakin famfon da ba shi ba.

Ruwa nawa zan ɗauka?

Fiye da yadda kake zato. Na sha kaɗai, a ware wa kowane mutum aƙalla lita biyar a rana, kuma idan za a taka da ƙafa a zafi ana lissafa lita ɗaya a kowace awa. Bayan wannan a ajiye jarka guda cike wadda ba a taɓawa ko da wasa, ta ranar da mota ta lalace. Gara ruwan ya kasu cikin jarkoki biyu ko uku da a zuba shi wuri ɗaya, don idan tanki ya huje shi ke nan.

Ruwan da ake samu a hanya yawanci na burtsatse ne daga can ƙarƙashin ƙasa. Wani yana da zartsi, wani yana warin ƙwai, wani kuma an rubuta a jikin famfon cewa ba na sha ba ne. A Coober Pedy akwai famfon da ake saka kuɗi ya zubo, kamar gidan mai. Wanda ya taso inda ake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa ba sai an koya masa tattali ba: a goge kwano da takarda kafin a wanke, ruwan ɗauraya ya zama na wankin gaba, wanka kuma da buta ɗaya yana yiwuwa. A nan mun fi Turawa sabo, su da shawa ce ta raine su.

Ina ake kwana?

Iri uku ne. Akwai sansanin kuɗi a garuruwa da bayan zangon mai, inda ake samun wuta da shawa da injin wanki, wani lokaci har da wurin ninƙaya. Akwai sansanonin gandun daji na gwamnati, masu arha, da masai na rami kawai, kuma a yankin Arewa (Northern Territory, inda Alice Springs da Darwin suke) sai an kama wuri ta intanet tun kafin a isa. Na Karlu Karlu, inda manyan duwatsu mulmulallu suke zube kamar an jera su da hannu, yana cikin waɗanda ba a mantawa. Sai wuraren hutawa na gefen titi, kyauta, inda allo ke nuna ko an yarda a kwana. Mutane da yawa suna amfani da manhajar WikiCamps don sanin wanne ne wanne.

Ba ko'ina ake fakawa a kwana ba. Cikin gari ana cin tara. A yankin Uluru ba a kwana cikin gandun, sai a koma Yulara, garin masaukin baƙi da ke kusa. Kuma kada ka yi sha'awar shimfiɗaɗɗen yashin busasshen rafi: ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa, wanda ko hadarinsa ba ka gani ba, yana iya isowa cikin dare.

Wanka da bayan gida fa?

Tambayar da kowa ke jin nauyin yi. Motar da ke da ban-ɗaki tana da wani akwati a ƙasa da ake zarowa duk bayan kwana biyu ko uku a kai wurin juyewa na musamman, wanda ake samu a garuruwa da sansanoni. Ba a juye shi a daji ko a masan rami. Aikin ba daɗi, kuma gara a raba shi tun ranar farko kafin ya zama abin faɗa.

Wanda motarsa ba ta da shi zai dogara da na zango da na gefen titi. Idan ta kama a daji, a yi nisa da hanya da ruwa, a haƙa rami a binne. Ka sayi butarka tun daga birni, ko ka yi dabara da gorar ruwa, don ba za ka tarar da ita a ban-ɗakinsu ba.

Wutar lantarki daga ina?

Motar tana da batir biyu: na tayar da inji, da na gida wanda ke riƙe firji da fitilu da cajin waya. Na gidan yana cika ne idan ana tafiya, ko ta sola idan akwai a rufi. Ka tsaya kwana biyu wuri ɗaya ba ka motsa ba, firji zai fara gajiya. Na'urar sanyaya ɗaki da soket ɗin bango ba sa aiki sai an jona motar da wutar sansani. Shi ya sa mutane ke yin kwana biyu a daji, na uku su biya kuɗi su cika komai.

Me ake ci? Ana samun halal?

Babbar sayayya a manyan garuruwa ake yin ta: Adeled, Port Augusta, Alice Springs, Katherine, Darwin. Shinkafa, taliya, wake na gwangwani, kifin gwangwani, ƙwai, albasa, dankali, garin fulawa. Mahautan halal suna nan a Adeled da Darwin, sai a saya a sa a daskare. A zangon hanya kuwa abincin kusan iri ɗaya ne, nama da burodi da soyayyen dankali, kuma naman alade yana shiga wurare da yawa ba tare da an ambata ba, don haka a tambaya.

Abu biyu kan ba baƙo mamaki. Na farko tun a filin jirgi: Ostareliya ba ta wasa da abin da ake shigo mata da shi. Kilishi da dambun nama ba za su wuce ba, kuma duk wani abin ci da ke jakarka, ko yaji ne ko kuka, sai ka rubuta shi a katin shiga su duba. Ɓoyewa tara ce mai nauyi. Na biyu, tsakanin jihohin ƙasar ma akwai shinge. Ba a shiga Ostareliya ta Kudu da ɗanyun 'ya'yan itace da kayan lambu daga wata jiha, saboda wani ƙuda da ke lalata gonaki. Idan daga arewa ka gangaro za ka ga kwandunan zubarwa a gefen hanya. Kada ka cika firji da tumatir da lemo ana gobe za ka tsallaka iyaka.

Ranar da hukuma ta hana kunna wuta a fili saboda zafi da iska, ko gawayi ba a hurawa. Gobarar daji a ƙasar nan ba ƙaramin abu ba ce.

Yaya ake yi da salla?

Wuri dai ba a rasa shi ba, ƙasar Allah ce shimfiɗe. Abin da ke rikita mutum shi ne alƙibla. Mu da muka saba fuskantar gabas, a can yamma ake fuskanta, a ɗan karkata arewa. Kwanakin farko sai jiki ya riƙa gardama. Rana ma da tsakar yini ta arewa take karkata a watannin sanyi. A sauke manhajar lokutan salla da ke aiki ba tare da intanet ba, a kuma lura cewa agogon tsakiyar ƙasar yana gaban na Najeriya da Nijar da awa takwas da rabi. Wannan rabin awar ta sha ɓata wa mutane lissafin kiran gida. Daga Oktoba zuwa Afrilu jihar Kudu tana ƙara awa ɗaya, yankin Arewa ba ya ƙarawa.

Kuma ba kai ne Musulmin farko da ya yi sujada a wannan jar ƙasa ba. Tun daga shekarun 1860 aka riƙa kawo raƙuma da masu jansu daga Afganistan da yankunan da yanzu suke Pakistan da Indiya. Su suka yi dakon kaya zuwa tashoshin waya da ma'adinai da gonakin kiwo kafin zuwan jirgin ƙasa da mota. A Marree suka gina masallacin laka da ake ɗauka shi ne na farko a ƙasar, kuma babban masallacin Adeled da aka gina a ƙarshen shekarun 1880 har yau ana salla a cikinsa. Jirgin ƙasan da ke zuwa Darwin daga Adeled, Ghan, daga sunansu ya samo nasa. Da mota ta karɓe aikin sai aka saki raƙuman, jikokinsu ne kake gani suna yawo ba mai su. Akwai masallaci a Alice Springs, akwai a Darwin, ga wanda ya daidaita tafiyarsa da Juma'a.

Akwai sabis na waya?

A cikin garuruwa da wasu zangon akwai. Tsakaninsu kuwa ana iya yin awanni babu ko sanda ɗaya. Layin Telstra ne ya fi kaiwa nesa. A sauke taswira tun akwai intanet, a riƙe ta takarda ma. Lambar gaggawa 000 ce, amma ita ma sai da sabis. Wanda zai sauka daga kwalta ya yi hayar wayar tauraron ɗan'adam, ko ya ɗauki 'yar na'urar nan da ake dannawa ta aika wa masu ceto inda kake. A gaya wa wani hanyar da za a bi da ranar da ya kamata ya ji daga gare ku. A gaya wa mutanen gida ma cewa shirun kwana biyu ba mutuwa ba ce, kada Hajiya ta tara dangi.

Idan mota ta lalace a inda babu kowa?

Kada ka bar motar. Wannan ita ce magana ɗaya da 'yan sanda da makiyaya da masu ceto suka haɗu a kanta. Mota tana da inuwa da ruwa, kuma daga sama ana hango ta. Mutum a ƙafa ba a ganinsa, kuma zafi yana gama da shi cikin sa'o'i. Da yawa daga cikin waɗanda suka rasa ransu a dajin nan sun tafi neman taimako ne, aka fara gano motar kafin a gano su. Ka ɗaga bonet, ka zauna a inuwa, ka riƙa shan ruwa. A titin Stuart wani zai wuce kafin a jima, kuma al'adar wurin ita ce a tsaya.

Idan rashin lafiya ce mai tsanani, akwai likitocin jirgin sama, hidimar da wani limamin coci, John Flynn, ya assasa a 1928. Jiragensu na sauka a filayen gonaki, wani lokaci a kan titin kansa. Jinya a ƙasar tana da tsada ga baƙo, don haka inshorar lafiya ba abin tsallakewa ba ce.

Manyan tirelolin da ake magana fa?

Kai ɗaya ne yake jan jela uku, wani lokaci huɗu, tsawonsa har mita 53 da rabi. Ba ya iya tsayawa da wuri, ba ya iya kaucewa. Idan ya taho ta gabanka ka riƙe sitiyari da hannu biyu, don iskarsa tana tura doguwar mota gefe. Idan za ka wuce shi kana bukatar fiye da kilomita ɗaya na titi fayau a gabanka, kuma motar kwana ba ta da ƙarfin fizga. Sau da yawa mafi sauƙi shi ne ka tsaya ka sha shayi ya yi gaba. A tuna kuma hannun hagu ake bi. Ba a cikin gari ake mantawa ba, sai da safe idan an fito daga sansani titi babu kowa, hannu ya koma abin da ya saba.

Zan iya sauka daga kwalta?

Da motar haya ta yau da kullum, a'a, sai ɗan gajeren nisa zuwa sansani idan takardar ta yarda. Hanyoyin ƙasa irin su Oodnadatta da Tanami da Gibb River na motoci masu jan ƙafa huɗu ne, da safaya biyu. Gargadarsu tana kwance kowane kusa a jikin mota, ga ramukan da ƙura mai laushi kamar gari ta rufe. Ruwan sama kaɗan yana sa a rufe su, kuma bin rufaffiyar hanya laifi ne.

Macizai da kadoji: gaskiya ne ko ƙari?

Gaskiya ne, amma ƙuda ne zai fi damunka. Ƙudajen dajin ba sa cizo, idonka da hancinka da bakinka suke nema, tun fitowar rana har faɗuwarta. Ragar da ake sawa a kan hula tana sa mutum ya yi kama da mai ɗiban zuma, kuma zuwa rana ta biyu ba wanda ke jin kunyarta.

Macizan ƙasar suna cikin mafiya dafi a duniya, sai dai gudun mutum suke yi. A sa takalmi rufaffe, a riƙe tocila da dare, kada a cusa hannu ƙarƙashin dutse ko itace. Idan an yi sara, a manta da abin da aka saba: ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a wankewa, ba a ɗaure jijiya tamau. Ana naɗe gaɓar duka da bandeji mai ɗan matsi, a ɗora mata karan ɗori, mutum ya kwanta kada ya motsa, a kira taimako.

Kadoji kuwa sai an doshi arewa, daga wajen Katherine zuwa sama. Na ruwan gishiri yana shiga koguna da tafkuna masu nisa da teku, kuma yana cin mutum. Inda ba a kafa allon da ya ce a yi wanka ba, kada ka shiga, kada ka tsuguna alwala a bakin ruwan. Karen daji dingo kuma ba a ba shi abinci, ba a barin takalmi a waje.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Mayu zuwa Satumba. Lokutan shekararsu a juye suke: Disamba da Janairu ne tsananin zafi, kuma a Oodnadatta an taɓa auna digiri 50.7 a Janairun 1960. Mutanen Coober Pedy, masu haƙar dutsen opal tun 1915, da yawansu a cikin ƙasa suka fafe gidajensu saboda wannan. A arewa kuma daga Nuwamba zuwa Afrilu damina ce, hanyoyi na yankewa.

Sai dai kada "sanyi" ya yaudare ka ka zaci irin hunturunmu ne. A Yuni da Yuli daren Alice Springs yana sauka ƙasa da sifiri, ka tashi ka tarar da ƙanƙara a gilashin mota. Ka zo da bargo na gaske da hular sanyi.

Ƙasar ta wace ce, kuma wane ladabi ake bukata?

Dajin da ido ke gani kamar ba mai shi, kowane tudu da rafi a cikinsa yana da suna da masu shi. 'Yan asalin ƙasar sun fi shekara 50,000 a nan, da harsuna daban-daban: Arrernte a yankin Alice Springs, Warumungu a Tennant Creek, Pitjantjatjara a wajen Uluru. An mayar wa Anangu, 'yan asalin yankin, mallakar Uluru a 1985, kuma an rufe hawansa a Oktoban 2019 bayan sun daɗe suna roƙon a daina. Akwai sassan dutsen da ba a ɗauka hoto, allo yana nunawa. Shiga yawancin ƙauyukansu sai da takardar izini, wurare da yawa an haramta shiga da giya, kuma ba a ɗaukar mutum hoto sai an tambaye shi. Idan wani bai kalle ka cikin ido ba yana magana, ba raini ba ne, kunya ce irin wadda muka sani.

Za ka kuma ga talauci da shaye-shaye a gefen wasu garuruwan, abin da ƙwace ƙasa da raba 'ya'ya da iyayensu suka bari. A Alice Springs da Tennant Creek a kwana a sansani mai shinge, a kulle mota, kamar yadda za a yi a kowane gari.

Ba a gundura? Ba a faɗa?

Ana yi, duka biyun. Mutum biyu a ɗaki mai faɗin tabarma uku, ga gajiya, ga ƙura a cikin komai har buroshin haƙori. Faɗan yawanci a kan ƙananan abubuwa ne: wa ya bar firji a buɗe, wa ya ce a wuce gidan man can. Maganinsa kowa ya san aikinsa, kuma duk bayan kwana uku ko huɗu a yi yini guda ba tuƙi. Ruwan ɗumi na Mataranka, cikin inuwar itatuwa masu kama da giginya, wuri ne da ya dace da irin wannan hutun.

Abokan hira ba a rasa su. Sansanonin cike suke da tsofaffin da suka yi ritaya suka ja gidansu a bayan mota suna zaga ƙasar wata da watanni. Za su tambaye ka daga ina, ina za ka, su gaya maka inda mai ya fi arha da inda hanya ta lalace, kuma labarinsu ya fi na manhaja sabunta. A kan titi duk motar da kuka yi kiciɓis direban zai ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari. Gaisuwar ke nan, kuma ana amsawa.

Da dare idan aka kashe fitilu, taurari suna saukowa har gefen ƙasa ta kowace fuska. Akwai biyar ɗin nan da ke jikin tutar ƙasar, can kudu. Kaza da 'ya'yanta ma tana nan, da asuba take fitowa a watannin sanyi. Anangu suna ganin 'yan'uwa mata bakwai ne a cikinta, wani mutum yana bin su, kuma suna iya nuna maka duwatsu da ramukan ruwan da suka ce matan sun bi ta kansu kafin su hau sama.